Kaka a Mafaza: Gona, Lambun Gaɓa da Itatuwan Unguwa

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya nemi kalmar kaka, sau da yawa zai tarar an daidaita ta da lokacin nan na ƙasashen Turai da ganyen itatuwa ke zuba, ake tsinkar tuffa a bayan gidaje. Daidaitawar tana da dalili, domin watannin kusan ɗaya ne, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ko Disamba. Sai dai idan ɗalibi ya tsaya a nan, to ya riƙe watanni ne ya saki ma'ana. A wajen Bahaushe kaka tana shiga ne ranar da amfanin gona ya nuna aka fara kai shi gida. Shi ya sa ake jin manomi yana cewa "bana kaka ta yi kyau", ko ya ce wa mai binsa bashi "sai da kaka". A rubutun yau da kullum kalmar ɗaya ce da kaka wadda ta haifi uwa ko uba, jimla ce ke nuna wadda ake nufi.

Wannan takarda za ta duba kaka a wuri ɗaya, wato Mafaza da ƙauyukan da ke kewaye da ita a jihar Gadarif ta gabashin Sudan. A can Hausa tana zaune gida ɗaya da Larabcin Sudan, kusan kowane aikin gona yana da suna biyu, kuma idan aka jera sunayen sai ma'anar kowanne ta ƙara fitowa. Har ila yau, abin da ke shiga gida da kaka a wannan yanki daga wuri uku yake fitowa: gonar damina, lambun bakin kogi, da itatuwan da ba wanda ya dasa. Kowanne da mai shi, kowanne da inda amfaninsa ke tafiya.

Garin da koginsa

Mafaza tana bakin kogin Rahad, kudu maso yamma da birnin Gadarif, ba nisa da Hawata. Hausawan wannan yanki zuriyar mahajjata ne da masu hijira. Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Hausa da Barno suna bin hanyar gabas da ƙafa zuwa Makka, suna yada zango shekara da shekaru suna noma don neman guzuri, wasu kuma zangon ya zame musu gida. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Aikin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925, da layin dogo da ya haɗa Gadarif da Sinnar ta Hawata a 1929, sun ƙara jawo mutane, suka yi ta bazuwa a gaɓar koguna. Larabawa suna kiransu Fallata ko Takarir, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafillace ko Babarbare ba. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci, wanda mai son zurfafawa a fannin harshe zai amfana da shi.

Rahad yana tasowa daga tsaunukan Habasha, yamma da tafkin Tana, ya gangaro ya faɗa cikin Nilu Shuɗi kusa da Wad Madani. Kogin damina ne. Yana kawo ruwa wajen watan Yuli, ya cika ya batse a Agusta da Satumba, wani lokaci ya yi ambaliya ya ci gidaje, sa'an nan ya fara janyewa har ya tsinke ya bar ruwa gurbi-gurbi a cikin rairayi. Ƙasar da ke gefensa biyu baƙar laka ce, shimfiɗaɗɗiya iyakar ganin ido. Da damina ta zama taɓo, mota ba ta shiga ba ta fita, ƙauye ya yanke daga kasuwa har tsawon makonni. Da rani kuma ta tsattsage, tsagar ta isa hannu ya shige.

A nan ya kamata ɗalibin da ya karanta Larabci ya yi hattara. A Larabcin littafi kharif shi ne lokacin zubar ganye, amma a Sudan idan aka ce kharif damina ake nufi. Abin da Bahaushe ke kira kaka, mutumin Sudan darat yake ce masa. Bayan darat sai shita, wato ɗari ko hunturu, sa'an nan sef, wanda ya yi daidai da bazara. Saboda haka wanda ya fassara kaka da kharif a Mafaza ya mai da girbi shuka.

Riɗi da dawa

Gonakin damina iri biyu ne. Akwai bildat, ƙananan gonakin iyali da ke kewaye da ƙauye, akwai kuma mashru'i, manyan gonakin da ake nomawa da tarakta. Noman inji ya fara ne a Ghadambaliya kusa da Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bunƙasa bayan da gwamnati ta kafa masa hukuma a 1968, aka riƙa yanka daji ana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata fadan 1,000 ko 1,500 kowanne. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗara eka kaɗan. Sunan noman inji yana ruɗin mutane. A yawancin waɗannan gonaki inji huɗa da shuka kawai yake yi, noma da yanka kuwa hannu ne. Don haka ƙaramin manomi yakan raba kakarsa biyu: ya yi tasa gonar, ya kuma fita ƙodago a ta babban manomi, tare da 'yan ci-rani da ake kira jungu.

Riɗi ne ke buɗe kaka, a watan Oktoba. Duk amfanin gona babu mai gaggawarsa. Idan ganyensa ya yi ɗorawa ya fara zuba, kwanaki kaɗan ne suka rage, bai fi goma zuwa mako biyu ba, kafin kwanson ya buɗe da kansa 'ya'yan su zube cikin tsagar laka inda ba mai iya tsince su. Saboda haka ana yanka shi da lauje tun da sauran ɗanyensa, a ɗaure ƙulli-ƙulli, a jingina su tsaye kai sama. Ƙulli 400 shi ne hilla ɗaya, kuma da hilla ake biyan ɗan ƙodago, ba da yini ba. Bayan kamar mako biyu, idan ya bushe kwanso ya buɗe, sai a shimfiɗa tabarma ko leda, a kifa kowane ƙulli a kakkaɓe. A cikin waɗannan makonni biyu manomi ba ya barci da kyau. Ruwan ƙarshen damina na iya sauka ya jiƙa jingin, iska na iya kayar da shi, ga kuma ƙwaron da ke taruwa a ƙarƙashi yana tsotse man. Da yake gonakin yanki ɗaya kusan tare suke nuna, kuɗin yanka yana tashi a 'yan kwanakin nan, mai hilla shi ke faɗin farashi.

Riɗi ba abincin gida ba ne sai ɗan abin da aka rage na mai da na miya. Ana auna shi da kintar, kimanin kilo 45, ya bi ta kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya fita zuwa Sin da Masar da Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Sau da yawa ma kafin a yanka shi ya riga ya zama na wani. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga kuɗin noma ana nema, manomi yakan je wajen ɗan kasuwar ƙauye ya karɓi kuɗi ko hatsi, da sharaɗin zai biya da amfanin gona a kan farashin da aka yanka tun a lokacin, wanda kusan kullum yana ƙasa da na kasuwa. A Sudan ana kiran wannan shel. Manoman ƙasar Katsina sun san irinsa da sunan falle. Bankunan Sudan ma tun shekarun 1990 suna ba da rancen noma ta hanyar salam, wato sayen amfani kafin ya nuna, kuma a shekarun da damina ta gaza manoman Gadarif da dama sun shiga kurkuku saboda shi. Kalmar nan "sai da kaka" da muka fara da ita, a nan take da nauyinta.

Dawa ba ta da wannan gaggawa. Daga Nuwamba ake fara yankan zangarniya har cikin Janairu, a tara a masussuka, mai hali ya kira inji, marar hali ya sa sanda. Irin da aka fi sani sun haɗa da fatarita da dabar da mugud da Wad Ahmad. Mudun wurin shi ne malwa. Malwa huɗu kela ɗaya, kela goma sha biyu ardab ɗaya, wato kimanin buhu biyu. Wajen ajiya, ban da rumbu, akwai matmura, rami ne da ake haƙawa a wuri mai tudu, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba hatsi a rufe da ƙasa. Idan ruwa bai shiga ba, dawa takan shekara biyu ko fiye a ciki.

Lambun gaɓa

Dawa ita ce tuwo, ko asida da kisra kamar yadda ake yi a can. Amma tuwo ba ya ciyuwa gaya. Abin miya daga wurare biyu yake fitowa, kuma a nan ne aka fi sanin Hausawan Sudan, domin a gaɓar Rahad da Dindir da Atbara da Nilu Shuɗi sunansu ya tafi tare da lambu da su.

Na farko shi ne ɗan filin bayan gida, wanda a Katsina da Maraɗi za a ce garka, a yammacin Sudan kuma jubraka. Da ruwan sama ake yinsa, yawanci a hannun mata yake, kuma shi ne ke fara ba da amfani tun cikin Satumba, kafin a taɓa riɗi: masara, kuɓewa, kabewa, wake, barkono, yakuwa. Muhimmancinsa yana ga lokacin da yake nuna, wato daidai makonnin da hatsin bara ya ƙare na bana bai iso ba.

Na biyu shi ne gaɓar kogin kanta, wadda ake kira jarf, jam'i juruf. Duk shekara idan Rahad ya cika yakan rufe gangaren gaɓarsa, ya sauke sabuwar laka mai laushi da ya ɗauko daga Habasha. Idan ya fara janyewa sai ya bar ƙasa mai danshi da taki, ba a zuba mata komai ba. Mai lambu yana bin ruwan a baya. Yau ya shuka layin sama da ya fara tsanewa, bayan 'yan kwanaki ruwa ya ƙara sauka ya shuka na ƙasa da shi, haka haka har ya kai bakin rairayi. Saiwar shukar tana bin danshin tana nutsawa. Amfanin wannan tsari shi ne lambu ba ya nuna gaba ɗaya. Na sama yana ba da 'ya'ya na ƙasa yana fure. Ana shuka wake da masara da kuɓewa da lalo da dankalin Hausa da kankana da tumatir, a kuma yi rainon irin albasa wanda za a dasa daga baya. Idan danshi ya ƙare sai ban-ruwa, daga gurbin kogi ko daga rijiyar da aka haƙa a cikin rairayi. Da jigo ake yi, yanzu injin ban-ruwa ya maye gurbinsa. Wani abin dariya ga baƙo daga Kano shi ne, a Larabcin Sudan wannan inji babur ake ce masa, haka ma tarakta. Wanda ya ji an ce babur ya lalace albasa za ta ƙone, kada ya nemi abin hawa.

Ke nan a Mafaza kaka lokacin girbi ce kuma lokacin shuka ce. Magidanci yana yankan riɗi a tudu, a makon nan kuma gaɓa tana tsanewa tana jiran iri, kuma ita ma ba ta jira, don idan fuskar lakar ta bushe ta yi tauri an rasa layin. Gidan da ke da hannuwa da yawa yakan rarraba su. Wanda ba shi da su sai ya nemi gayya, wadda Larabawa ke kira nafir: a kira maƙwabta, a yi abinci da shayi, a gama aikin kwana huɗu a safiya ɗaya, gobe kuma a je na wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayya ta fi ƙarfi a lambu fiye da gonar riɗi, kuma dalilin a fili yake. Riɗin kowa yana nuna rana ɗaya, ba mai barin nasa ya je na wani. Lambuna kuwa a jere suke, iyaka da iyaka, shingen ƙaya ɗaya ke kare su daga dabbobi, inji ɗaya kan shayar da mutum biyar ko shida. Idan shingen maƙwabcinka ya ɓalle, akuyar da ta shiga ba za ta tsaya a nasa ba. Mai injin yakan karɓi kuɗin mai ko wani kashi na amfanin da aka yi yarjejeniya a kai.

Lambun gaɓa dai ba na gari duka ba ne. Kowane gida ya san tsirinsa, daga saman gaɓa zuwa ruwa, kuma ana gadonsa. Sai dai kogi ba ya ajiye iyaka. Bana ya ci gaɓar wannan ya ƙara wa na ƙetare, baɗi ya juya. Irin wannan rigima a gaban shaihin ƙauye da dattawa ake kashe ta, da shaidar wanda ya san kakan wa ya fara sāre wurin. Takarda kuwa mutane ƙalilan ne ke da ita. Dokar 1970 ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma ko da aka maye gurbinta da wata a 1984 wannan tushe bai canja ba. Ga al'ummar da har yanzu wasu ke yi wa kallon baƙi, ko da kakanninsu a nan aka binne su, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Faɗan da ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi a Yulin 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, wanda ya ci rayuka da yawa, a kan ƙasa da sarauta ya taso, kuma zanga-zangar da ta biyo baya ta kai har Gadarif da Kasala.

Akwai kuma makiyaya. Da damina suna arewa a filayen Butana, idan ruwa ya ɗauke sai su gangaro kudu da raƙuma da shanu da tumaki suna neman kogi. Manyan gonaki sun matse burtali, lambuna kuma sun jeru a inda da mashaya ce. Mai lambu yana ganin wahalarsa, makiyayi yana ganin hanyar da ubansa ya bi. Yawancin ƙararrakin ɓarna a wannan lokaci suke tasowa, tun ba ma idan dabbobi sun iso dawa tana tsaye ba.

Abin da aka tsinko daga garka da lambu kashi uku yake bi. Wani a ci ɗanye, wani a kai kasuwa, mafi yawa kuma a shanya. Dalilin shanya ba ya rasa nasaba da farashi: kuɓewar kowa tare take zuwa, kasuwar ƙauye ba ta iya shanye ta, ba kuma wurin sanyi da za a ajiye. Ranar kaka kuwa ta dace da aikin, tun da laima ta ɗauke iskar arewa ta fara busowa. Ana yayyanka kuɓewa a baza a tabarma, idan ta bushe ta zama weka, wadda ita ce busasshiyar kuɓewar da muka sani, kuma ita ce uwar miyar Sudan. Haka ake yi wa tumatir da barkono da albasa. Zoɓorodo, wanda ake kira karkade, a ɓare shi a shanya a ajiye don azumi. Wannan duk aikin mata ne a cikin gida. A gidaje da yawa matan aure ba sa fita gona, amma su ke mai da amfanin kuɗi: su soya gyaɗa, su yi mai da ƙuli-ƙuli, su dama abin sha na gero, yara su fita talla. Niƙaƙƙiyar gyaɗa da duk Sudan ke zubawa a miya da kwaɗo sunanta dakwa, kuma kunnen Bahaushe ba zai rasa jin daƙuwa a ciki ba.

A ganina, wanda ke son sanin ko gida ya yi kaka mai kyau a irin wannan wuri, buhunan riɗi ba za su faɗa masa gaskiya ba, domin mai yiwuwa rabinsu na mai shel ne. Ya duba tulunan weka da buhun wake da ke ɗakin uwargida.

Itatuwa

Tuffa ba ta yi a Mafaza. Itaciya ce mai bukatar sanyi na makonni kafin ta yi fure, kuma a Sudan sai a kan dutse irin Jabal Marra na Darfur ake samunta. Itatuwan da ake dasawa a bakin Rahad su ne mangwaro da gwaba da lemun tsami da ayaba, a cikin lambun itatuwa da ake kira jinena. Waɗannan suna da mai su, suna da shinge, wani lokaci ma ɗan kasuwa kan saye 'ya'yan tun suna bisa. Gwaba takan nuna wajen ƙarshen damina, lemun tsami kusan duk shekara, mangwaro kuwa ɗan bazara ne, ba ya cikin lissafin kaka.

Itatuwan da suka zama na unguwa su ne waɗanda suka fito da kansu: magarya a gefen kogi da bakin hanya, aduwa a filin laka, tsamiya nan da can. Daga ƙarshen kaka zuwa cikin ɗari suke zubar da 'ya'ya. A nan akwai wani bambanci na harshe da ya kamata a lura da shi. Hausa suna ɗaya take ba itaciya da 'ya'yanta. Ka hau magarya, ka sha magarya. Larabcin Sudan yakan raba. Itaciyar magarya sidir ce, 'ya'yanta nabag. Itaciyar aduwa hijlij ce, 'ya'yanta lalob. Kuka tabaldi ce, 'ya'yanta gongoles. Tsamiya ce ta tsira da suna ɗaya, aradeb. Wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi sidir, ganye za a miƙo masa, irin wanda ake wankan gawa da shi.

Al'adar da ke kan waɗannan itatuwa sananniya ce daga ƙasar Hausa har Sudan. Itaciyar da ke cikin gida ta mai gidan ce, wadda ke cikin gona ta mai gonar ce muddin amfani yana tsaye. Abin da ya faɗo a hanya ko a daji kuwa na wanda ya tsinta ne. Masu tsintar su ne yara da tsofaffin mata da waɗanda ba su da gona. Ana tara nabag da lalob a kwano a sayar a ƙofar makaranta da tasha, 'yan kasuwa kuma su tara buhu-buhu su kai birane. Aduwa ana tsotsa, ana jiƙa ta a sha don ciki, ƙwallon kuma a fasa a fitar da mai. Kuɗin ba su da yawa, amma suna zuwa hannun wanda ba ya cikin rabon riɗi, kuma ba mai shel da ke jiransu.

Itatuwan sun ragu ƙwarai. Share daji don manyan gonaki da ƙona gawayi sun cinye yawancin dajin da ya rufe wannan fili a da. Dokar gandun daji ta ce a bar kashi goma cikin ɗari na kowace babbar gonar damina da itatuwa, amma kaɗan ne suka bi. Aduwa ta fi sauran tsira, don manoma kan bar ta saboda inuwa da 'ya'ya. Sai dai inuwar tata tana da nata haɗari. Ƙaramin ƙudan da ke kawo cutar kalazar yana zama ne a inda aduwa da dushe suke, da cikin tsagar laka, kuma ƙauyukan gaɓar Rahad suna cikin wuraren da cutar ta fi kamari a Sudan. Ya fi cizo da bazara, amma cutar takan ɗauki watanni kafin ta bayyana da zazzaɓi mai daɗewa da kumburin saifa da rama. Saboda haka masu jinya suna yawaita ne da kaka da ɗari, daidai lokacin da gida ke bukatar kowane hannu.

Zakka da kala

Rabon amfanin ma ya bi wannan bambanci na wurare uku. Dawa da riɗi da wake, idan sun kai nisabi, ana fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ko danshin kogi ne ya raya su, ɗaya cikin ashirin in da inji aka shayar. Nisabin wusuƙi biyar ne, wanda dokar zakka ta Sudan ta 2001 ta ƙiyasta da kela 50 ko kilo 653. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani, babu zakka a kan kayan lambu da 'ya'yan itatuwa irin mangwaro da gwaba. Dokar ta 2001 kuwa ta haɗa duk abin da ƙasa ta fitar, kuma a Sudan hukuma ce ke karɓa, yawanci a kasuwar amfanin gona. Don haka abin da malamin zaure ya karantar da abin da ma'aikacin zakka ke nema ba kullum suke haɗuwa ba. Ban da zakka akwai abin da ba a aunawa: kwanon kuɓewa da ake aika wa maƙwabta ranar tsinkar farko, rabon almajirai, da kala, wato tsintar zangarniyar da ta faɗi bayan masu yanka sun wuce.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada wannan tsari. Rabuwar Sudan ta Kudu a 2011 ta rage 'yan ƙodago, manyan gonaki suka ƙara dogara da ma'aikata daga Habasha. A 2020 rufe iyaka saboda annobar korona da yaƙin Tigrai da ya ɓarke a Nuwamba sun faɗo daidai kan girbi. A Janairun 2021 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Tunaidba a ƙaramar hukumar Mafaza. Sa'an nan yaƙin Sudan ya tashi a Afrilun 2023. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, da kuma Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, dubban mutane suka kwararo Gadarif, wasu ta Hawata da Mafaza, suka sauka a makarantu da gidajen dangi. Man fetur da gas suka yi tsada, rancen banki ya yi wuya, abin da ya fi taɓa mai tarakta da mai injin ban-ruwa. Layin gaɓa da ake shukawa a bayan ruwa da garkar bayan gida ba sa cin mai, ba sa jiran banki, sai dai gidan da ya shanya weka don mutum takwas ya wayi gari yana ciyar da ashirin. Sojojin gwamnati sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024 da Wad Madani a Janairun 2025, wasu baƙin suka fara komawa.

Wajen ƙarshen Janairu sussuka takan ƙare. A lokacin ne ake sakin dabbobi su shiga kara, mai gonar da ya iya ciniki ya sayar wa makiyayi karan tun yana tsaye. Masu dakwara da suka tsaga bawonta a Oktoba ko Nuwamba sun riga sun fara ɗibar ƙaro. A bakin kogi kuma albasar da aka dasa ta kama, tana shan ruwan gurbi, sai Maris ko Afrilu za a cire ta.